Kuɓewar Surukata

Shekara ashirin da shida na yi ina kauce wa surukata, ban taɓa faɗuwa wannan jarrabawa ba sai da kullen korona ya zo. Kada ɗan zamani ya ɗauka ƙiyayya ce. Kunya ce irin tamu: ba na cin abinci a gabanta, ba na haɗa ido da ita, ita kuma ba ta kama sunana. Matata ce 'yarta ta fari, don haka ita ma nata sunan ba ya fita daga bakin tsohuwar. Idan ta zo mana daga ƙauyensu na ƙasar Maraɗi, kwana biyu take yi, uku in ta daɗe. Da safe in durƙusa daga nesa in gaishe ta, in sulale makaranta, daga can masallaci, daga can majalisa, ba na dawowa sai ta shige ɗaki. Da ana ba da takardar shaida a fannin ɓacewa, da tawa tana rataye kusa da ta koyarwa.

A shekarar kullen aikin ido ya kawo ta. Yanar ido ce ta rufe mata duka biyun. Aka gyara na dama a Katsina, aka ce na hagu sai an sake ba ta rana. Likita ya kafa sharuɗɗa uku: ban da ƙura, ban da sunkuyo, ban da jijjiga. Ba mu fi mako da dawowa Jibiya ba aka rufe komai. Iyaka dama ta jima a rufe ga kaya, amma mutum da ƙafarsa yana wucewa, to yanzu shi ma aka ce ya dakata. Titin Magama, wanda a da sai ka yi addu'a kafin ka tsallaka, ya koma wurin kwanciyar awaki. Makaranta a rufe, majalisa ta watse. Yaranmu sun girma, kowa kullen ya riske shi inda yake. Gida ya rage mu uku, tsakar gida kuwa guda ɗaya ce.

Kwana biyu na yi a zaure ina karatu, har na gane cewa a bazara zaure mai rufin kwano tanda ce da aka yi wa ƙofa. Rana ta uku na tuna da kangon da ke bayan ɗakunanmu, inda muke jibge fasassun tukwane. Na sanar da matata cewa lambu zan yi, don motsa jiki, tunda likita ya daɗe yana yi mini gori kan tumbi da hawan jini. Ta dube ni ta ce, "Allah ya ba da sa'a, Malam," da irin muryar da nake yi wa ɗalibin da na san bai yi karatu ba.

Abin da ban lissafa ba shi ne darbejiyar da tsohuwar ke zama ƙarƙashinta tana kallon ƙofar kangon kai tsaye. Ido ɗaya gare ta a lokacin, amma sabo ne fil.

Hirarmu ni da ita ba ta wuce yanayi. Shi ne kaɗai zancen da suruki zai yi bai keta haddi ba. Kowace safiya in durƙusa, kaina a ƙasa.

"Inna, ina kwana?"

"Lahiya lau."

"Ya zafi?"

"Zahi lokacinai ne. An gode Allah."

Shi ke nan, a tashi taro. Idan tana da ƙarin bayani, ba ni take yi wa ba. Akwai wata jar kaza da ke kiwo kusa da tabarmarta, ita ake gaya wa, ni kuma in tsinta.

Sauran hirar yanayi a kan katanga nake yin ta. Maƙwabcina direba ne, Jibiya zuwa Maraɗi yake ja tun kafin in yi aure. Kulle ya zaunar da shi, abin da ko matarsa ba ta taɓa iyawa ba. Kullum da hantsi sai ya tayar da motarsa ta yi gurnani na ɗan lokaci don kada batir ya mutu, ya zagaya ta sau goma yana kaɗa hannuwa, wai atisaye ke nan, sannan ya hau wani tsohon duro ya leƙo kangona.

"Malam, yau me littafi ya ce? Akwai ruwa?"

Ni malamin labarin ƙasa ne, ba na iya jin irin wannan tambaya in yi shiru. Sai in shiga yi masa bayanin iskar da ke tasowa daga teku, yadda take turo damina arewa sannu a hankali.

"To ita iskar taka tana da takardar wucewa? Kada a tsare ta a shinge."

"Ta fi ka gata, Alhaji. Ita ba a kulle ta ba."

"Ni dai na ga shamuwa jiya kan tsamiyar masallaci. Ka rubuta wannan a littafin."

Kuskurena na farko na gaskiya ne, ba zan ɓoye ba. A Bugaje aka haife ni, na riƙe fartanya tun ban kai tsawonta ba, amma a gonar mahaifina Allah ne ke ban-ruwa. Lambu ban san shi ba. Sai na zana wa kaina jadawali irin na aji, na manna a bango: sassabe da safe, hutu, ban-ruwa ƙarfe sha biyu. Na shuka alayyafo da yakuwa a layuka da na ja da igiya da rula. Rana tsaka na jawo guga daga rijiya na fara kwarara wa ƙasa, tana huci.

Daga ƙarƙashin darbejiya na ji an yi gyaran murya.

"Ke jar kaza, ke da kin ka daɗe duniya, kin taɓa ganin inda an ka ba shuka ruwa rana tsaka? Ko dahwa ta za a yi?"

Na ajiye bokiti a hankali. Na je na cire jadawalin, na mai da ban-ruwa safe da bayan la'asar, inda azumin da ya kama ma ya fi so.

Ana haka matata ta ba ni wani ƙullin tsumma. Irin kuɓewa ne tsohuwar ta kawo mata, wata doguwa mai jan kai da suke nomawa tun zamanin kakarta, wadda matata ta yi shekaru tana roƙo. Na tona ramuka masu zurfi zan zuba shi a bushe, sai kaza ta sake samun saƙo: wai mutanen lakkol, wato mu 'yan boko, ba su san ana jiƙa irin kuɓewa ya kwana ba, kuma shuka aka ce a yi, ba jana'iza ba. Na jiƙa, na rage zurfin. Kwana biyar suka tsiro.

A cikin makon ne maƙwabcina ya leƙo ba da wasa a fuskarsa ba. Ya yi ƙasa da murya.

"Malam, tsohuwarku ta aiko matata wurina. Wai in samo mata ɗan kabu-kabu da ya san hanyar daji. Ran da ruwan shuka ya sauka, washegari za ta tafi."

Kowa a Jibiya ya san hanyar nan. Babur ne a guje cikin yashi da kwazazzabai, ana kauce wa masu tsaro, wanda ya faɗi ya faɗi. Matasa ma da ƙyar suke sauka da ƙashinsu daidai. Ga tsohuwa mai ɗanyen aiki a ido ɗaya, ɗayan kuma yana jiran layi. Duk sharuɗɗan likita uku a tafiya guda za a karya su.

"Ka ce mata ba ka samu ba."

"Na ce. Ta ce in ban iya ba, akwai mai iyawa. Gara ta hannuna, ko ba komai na san ranar."

Na sami matata a madafi, ashe ta riga ni sani. Ta ce tsohuwar tana da 'yar gonarta ta kanta a gida, ban da babbar gonar gero da ɗanta ke nomawa, kuma tun da ta yi wayo damina ba ta taɓa samun ta a wani wuri ba. Sannan ta ƙara da abin da ya fi wannan nauyi.

"Cewa take ta kore ka daga tsakar gidanka. Wata biyu tana cin tuwon suruki tana zaune, in an ji a garinsu da wane ido za ta dubi mutane?"

"Ki hana ta mana."

"Ni? Malam, sunana ma ba ta faɗa. Kai ka hana ta."

Muka dubi juna. Ni da na tsayar da aji mai yara fiye da kujeru da kallo ɗaya, ba ni da bakin ce wa wannan tsohuwa kada ta tafi. In na ce, na yi rashin kunya. In ta ji, sai ta ƙara tabbata nauyi ta zama.

Dabarar ba daga littafi ta zo ba. Na lura ne kawai cewa kowace yamma takan ɗaga kai ta daɗe tana duban gabas, inda hadari ke haɗuwa, amma ranar da na yi ɓarna a lambu ba ta da lokacin sama. Ranar ban-ruwan rana tsaka ba ta duba ba. Ranar jana'izar iri ba ta duba ba. Na ce a raina, to, ashe ga aikin da zan iya.

Daga nan na zama manomin da ya fi kowa wauta a ƙaramar hukumarmu, kuma da shiri. Kuskure mai kyau yana da sharuɗɗa, kamar tambayar jarrabawa: ya zama babba a ido, a gan shi daga darbejiya, kuma a iya tare shi kafin ya yi illa. Sai in kwaso ɗanyen kashin kaji cikin kwando, in tsaya inda za a gan ni, in ɗaga murya kamar da matata nake.

"Kina ji? Yau zan zuba wa kuɓewar nan taki har wuya!"

"Jar kaza," in ji darbejiya, "ɗanyen taki wuta ne. A bari shi ruɓe tukuna. Wanga gida Allah shi kyauta."

Na yi shingen kara na bar ƙofa daidai faɗin akuya. Na bar tsiro biyar a rami guda na ce tausayinsu nake ji, ba zan cire ko ɗaya ba. Aka gaya wa kaza cewa tausayin da ya hana cira shi ne zai hana miya. Kowane gyara aiki ne: in kwance, in sake ɗaurawa, in kwashe, in mayar. Ga guga safe da yamma. Kafin ƙaramar salla wandona ya fara neman mazagi na gaske, numfashina ya daina yin fito in na sunkuya.

Tsohuwar kuwa ta matso da tabarmarta har bakin kangon. Ta sa aka yanko mata sanda mai tsawo don nuni, tunda an hana ta sunkuyo. Gaisuwarmu ta safe ma ta yi ƙiba. Bayan "ya zafi" sai a ƙara wa kaza cewa iskar jiya da ɗanshi cikinta, gawo ya fara zubar da ganye, gwiwar hagu ta soma magana. Ni kuma in gaya wa matata da ƙarfi cewa littafi ma haka ya ce. A ce wa kaza, "To, littahin ya yi ƙoƙari."

Abin da ya ci mini rai shi ne duro. Maƙwabcina yana kansa kullum, yana ganin komai, kuma ban gaya masa sirrin ba don bakinsa ba shi da birki.

"Sarkin Noma! Yau kuma me za a kashe?"

"Sauka ka zagaya motarka, Alhaji."

"Wallahi Malam, da haka kake koyar da yaranmu, gara da aka rufe makarantar."

Ta waya ya watsa labarina. Har daga Farfaru wani tsohon ɗalibina ya kira yana tambaya, cikin ladabi, wai da gaske ne na yi wa akuya ƙofa. Na ce da gaske ne. Ɗan manomi, jikan manomi, na haɗiye.

Ruwan ya zo bayan salla, wata ranar da la'asar. Gabas ta yi baƙi, iska ta kwashe shanya, sannan aka sake shi kamar da bakin ƙwarya, har tsakar gida ta koma tafki. Matata ta tsaya bakin ƙofa tana kallo. Duk garin murna ake, mu biyu kaɗai muka san abin da ruwan ya zo da shi.

Da safe na tona ƙasa da hannu, laima ta wuce taƙi. Ruwan shuka ne, ba gardama. Na fito gaisuwa na tarar da ƙullin kayanta a gefen tabarma, an ɗaure shi tam da wani tsohon zane shuɗi.

"Inna, ina kwana? Ya ruwa?"

"Ruwa ya yi gyara." Ta juya wajen kazar. "Jar kaza, yau dai mai gona sai gona."

Maƙwabcina ya leƙo ta katanga, ya nuna mini agogon hannunsa, ya ɗaga yatsa ɗaya. Saura awa guda mai babur ya iso.

Na shiga kangon ba tare da na san abin da zan yi ba. Kuɓewar ta kai mini cinya, ta yi fure, 'ya'yan fari sun fito kamar yatsu, masu jan kai. Na san abin da kowace mace a ƙasar nan ta sani: na farin nan, manyan, su ake bari a jikin uwa su bushe su zama iri. Na san kuma duk abin da ta kawo shi ne a ƙasa, ba a rage ko ƙwaya ba. Na koma na ɗauko wuƙa da kwano.

"Kina ji?" Muryata ta fita fiye da yadda na so. "Ɗora tukunya. Yau ɗanyar kuɓewa za mu sha. Na farin nan duka zan yanke, su ne masu daɗi."

Ba a ce wa kaza komai ba.

Wannan karon sanarwa ba ta isa ba. Na kama mafi girma a cikinsu, na yanke, na jefa a kwano. Ƙarar ta cika gidan. Shiru. Na yanke na biyu, yanzu kam ɓarnar ta gaske ce. Na kama na uku ke nan na ji sanda tana taka laka a bayana.

Ban juya ba, na matsa gefe na durƙusa. Ta wuce ni har tsakiyar lambun, abin da ba ta taɓa yi ba. Shuɗin zanen nan yana hannunta. Ta kwance shi daga ƙullin, kayan suna can zube kan tabarma. Ta sa haƙori ta keta bakinsa, ta yage tsiri, ta sake yage wani. Ta miƙa wa matata, wadda ta biyo ta a guje, tana nunawa da sanda.

"Ɗaura nan. Da nan. Da wanccan." Sai da aka ɗaura wa kusan ashirin ƙyalle, zanen ya koma rabi. Sannan ta waiwaya neman kaza, wadda ta biyo mu tana tsattsagar tsutsa. "Ki gaya ma masu gidan ga, duk mai ƙyalle ba a taɓa shi sai ya bushe shina ƙara in an girgiza. Kuma tunda gidan ga ba a san ƙyalle ba, sai an zamna an tsare."

Matata ta ce, a hankali, "Inna, yaushe ke nan zai bushe?"

"Sai kaka."

Na ɗaga kai na dubi katanga. Maƙwabcina ya sauka daga duron ya je ya sallami mai babur. Da ya dawo bai ce mini Sarkin Noma ba. Cewa ya yi, "Malam, kai mugu ne," ya yi dariya har duron ya kusa kifewa. Biyun da na yanke kuwa aka saka su a miya, ban ji ɗanɗanonsu ba.

Ba kyauta ta zauna ba. 'Yar gonarta ta can ba ta ga kuɓewa ba a shekarar, wake ɗanta ya watsa mata, ita kuma tana ba da umarni ta waya tana faɗa da shi. Wasu ranakun takan yi shiru tun safe har yamma, ko kaza ba ta samun kalma. A irin ranakun sai in nemo wata wauta in aikata, ko da ƙarama ce. Damina ta yi kyau. Aka kira mu aka gyara idon hagu. Da na je awo, likitan ya tambaye ni wane magani na canja, na ce guga.

Bayan kaka abubuwa suka lafa, aka bar mutane su wuce. Kuɓewar mai ƙyalle ta bushe, in ka girgiza sai ka ji kacau-kacau. Tsohuwar ta fasa ta da hannunta, ta raba irin gida biyu, ta ƙulla kowanne a ragowar shuɗin zanen. Maƙwabcina ya wanke motarsa, zai kai ta ta babbar ƙofa, a kujerar gaba, da idanu biyu.

Na durƙusa a bakin zaure don sallama. Ta tsaya, ta ajiye ƙulli ɗaya a ƙasa kusa da ni. Kazar tana gindin bango.

"Jar kaza," ta ce, "ni dai na yi noma shekara sittin. Wanda bai iya ba, in ya ɗauki hauya, sai ya sare shuka ko bai so ba. Wata shida ina kallo, ko tsiro guda ba a sare ba bisa kuskure. Ki gaya ma mai gidan ga na gani. Da ido guda ma na gani."

An ba ni takardun yabo a wurin aiki, suna cikin akwati, wasu gara ta taɓa su. Wannan kuwa ko rubuta shi ba a yi ba. Na rasa inda zan sa fuskata, sai na juya wajen bango.

"Kaza," na ce, "a gaya wa Inna Allah ya kiyaye hanya. A ce mata baɗi ma akwai gyara."

"Ta ji," in ji tsohuwar, ta shiga mota.

Har yau a Jibiya akwai masu ce mini Sarkin Noma, ina amsawa. Kuɓewar tana nan a kangon, kowace shekara na fari da ƙyallensu. Jar kazar kuma ba a yanka ta ba, tsufa ne ya ɗauke ta.